Tsarin Furotin Prod1 da nAG a Sake Tohon Ƙafar Salamanda: Abin da Ya Tabbatar da Abin da Dabbobin Abzin Za Su Iya Gwadawa

Tsakure

Maƙalar nan ta duba abin da siffar furotin biyu, Prod1 da nAG, ta bayyana game da yadda salamanda ke mayar da ƙafar da aka yanke mata. Hujjarta ita ce, gano tsarin Prod1 a 2009 ya gyara kuskuren da aka yi game da danginsa, ya kuma nuna gefen da yake aiki da shi, amma bai tabbatar da cewa sake tohon gaɓa baiwa ce da salamanda ta keɓanta da ita ba. An kawo shaida daga dafin macizai, da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, da kifin gaiwa, da kusu mai ƙaya na duwatsun Abzin, sannan an amsa suka uku da ake iya yi wa wannan matsayi.

Gabatarwa

Babu salamanda a Agadez, babu ita a Nijar baki ɗaya. A nahiyar Afirka sai can arewacin Maroko da Aljeriya da Tunisiya ake samun wannan dabba mai kama da ƙadangare a ido, wadda a haƙiƙa ƴar uwar kwaɗo ce, mai laushin fata, mai son danshi. Duk da haka ta shiga littattafan kimiyya tun 1768, lokacin da Lazzaro Spallanzani na Italiya ya wallafa bayanin cewa in an yanke mata ƙafa ko wutsiya ko muƙamuƙi, sai ta mayar da su. A 1823 Tweedy John Todd ya ƙara da cewa tohon ba ya yiwuwa in an tsinke jijiyar saƙo da ke shiga ƙafar, abin da Marcus Singer ya auna dalla-dalla a tsakiyar ƙarni na 20. Bayan yankan, fata kan rufe raunin ba tare da tabo ba, sai wani dunƙulen ƙwayoyin sel ya taru a ƙarƙashinta. Wannan dunƙule, da ake kira bilastima, shi ne ke gina ƙashi da nama da yatsu sabbi. Abin mamakin bai tsaya ga girman ba. In an yanke a wuyan hannu, hannu kaɗai ke fitowa, in kuwa a kafaɗa ne, sai damtse da gwiwar hannu da sauran duka su dawo. Ke nan ƙwayoyin sun san inda suke, kuma sanin nan dole yana rubuce a jikin wani abu da za a iya kamawa a auna. Neman wannan abu ne ya kai masu bincike ga Prod1.

Daga sinadarin bitamin A zuwa Prod1

Hanyar ta buɗe ne daga Indiya, inda Niazi da Saxena suka lura a 1978 cewa bitamin A na rikita tohon ƙafar talibamban kwaɗi. Malcolm Maden ya nuna a 1982 cewa in an ba salamanda irin ta aksolotil sinadarai dangin wannan bitamin bayan an yanke ta a wuyan hannu, sai cikakken hannu tun daga kafaɗa ya tsiro a wurin. Sinadarin ya sa ƙwayoyin ƙarshen gaɓa sun ɗauki kansu na tushe. Nardi da Stocum kuma suka haɗa bilastima ta kafaɗa da ta wuyan hannu a kwanon gwaji, ta kafaɗar ta lulluɓe ɗayar, alamar cewa bambancin yana a fatar sel ɗin ne, inda suke mannewa da juna. Da waɗannan alamu biyu ɗakin binciken Jeremy Brockes a Landan ya nemi furotin da ke zaune a fatar sel, wanda ya fi yawa a tushen gaɓa, wanda kuma asid ɗin retinoyik ke ƙara shi. A 2002 da Silva da Gates da Brockes suka sanar da samunsa a salamandar Notophthalmus viridescens ta gabashin Amurka. Ƙaramin furotin ne da ke ɗaure a wajen sel da wani turken kitse da sukari mai suna GPI. Da aka tsinke turken da inzayim, ko aka toshe furotin ɗin da antibodi, sai lulluɓewar nan ta daina faruwa. A 2005 Echeverri da Tanaka suka cusa shi da yawa a ƙwayoyin ƙarshen bilastimar aksolotil, ƙwayoyin suka koma can kusa da tushe.

Masu binciken na 2002 sun bayyana Prod1 a matsayin takwaran CD59 na dabbobi masu shayarwa, har suka saka hakan a kan maƙalarsu. CD59 furotin ne da ke kare ƙwayoyin jikinmu daga wani rukunin makaman garkuwar jiki, ta hanyar hana furotin C8 da C9 huda fatar sel. Da wannan danganta ta tabbata, da ma'anarta ita ce ɗan Adam na da nasa Prod1, abin da ya rage kawai a gano dalilin da ya sa ba ya aikin da na salamanda ke yi. Dalilin dangantawar shi ne jerin amino asid, musamman yadda sistin ke jere a cikinsa, domin shi ne amino asid mai ɗauke da salfa da ke ƙulla sassan furotin da juna. Matsalar ita ce, a wannan dangi na furotin, in aka cire sistin ɗin nan takwas ko goma, sauran jerin ya bambanta ƙwarai daga ɗa zuwa ɗa, har kamannin da ake gani ba ya isa a yanke hukuncin wane ne ɗan wa.

Abin da tsarin 2009 ya nuna

Acely Garza-Garcia da Paul Driscoll da abokan aikinsu sun warware siffar Prod1 a cikin ruwa da na'urar maganaɗisu ta NMR, suka wallafa a mujallar PLoS ONE a 2009. Sakamakon ya tabbatar da cewa ɗan gidan furotin masu yatsu uku ne: wani dunƙulallen tushe da ɗaurin salfa suka riƙe gam, sai madaukai uku da suka miƙe daga gare shi kamar yatsu. Sannan suka yi abin da ya fi gano siffar muhimmanci, wato suka jera ta da siffofin sauran ƴan gidan da aka riga aka warware, suka gina bishiyar zumunta bisa siffa da jeri tare. Prod1 bai faɗa kusa da CD59 ba, kuma ba a sami takwaransa a kundin gadon mutum ko kifi ko kwaɗo ba. Daga nan aka fara kiransa maraya, furotin da salamanda kaɗai ke da shi. Binciken Geng da abokansa na 2015 ya same shi har a Hynobiidae, ɗaya daga cikin tsofaffin zuriyoyin salamanda, abin da ke nuna cewa kakan salamandar yau ya riga ya mallake shi.

A nan ne mai karatu na Agadez ke da misali kusa da gida. Wannan siffa ta yatsu uku an fara ganinta ne a dafin maciji, lokacin da aka warware tsarin erabutoksin na macijin teku a 1976. Ita ce ginshiƙin dafin macizai dangin gamsheƙa, ciki har da Naja nubiae mai tofa dafi, wadda aka bayyana a matsayin nau'i mai zaman kansa a 2003, kuma duwatsun Abzin na cikin mazauninta. A bakin maciji, furotin mai amino asid 60 zuwa 74 da ke da wannan siffa yakan toshe mahaɗar jijiya da tsoka har numfashi ya tsaya, ko ya fasa fatar sel nama ya ruɓe. A jinin mutum siffar nan ce ke kare sel daga fashewa, a ƙafar salamanda kuma ita ke gaya wa sel matsayinsa. Kamar ƙota ce da maƙeri ke iya sa wa ruwan gatari ko na fartanya: riƙon iri ɗaya ne, aikin yana ga abin da aka ɗora. Saboda haka sanin cewa furotin na da yatsu uku bai gaya mana aikinsa ba, sai an duba abin da ke saman yatsun.

Tsarin na 2009 ya nuna wani abu a saman da ya cancanci a tsaya a kai: murɗaɗɗen sashe irin na alfa a yatsa na uku. Blassberg da abokansa sun bi wannan sawu a 2011. Sun nuna cewa Prod1 na hulɗa da EGFR, mai karɓar saƙon girma da ke ratsa fatar sel, daga nan saƙon ya bi ta ERK1/2 ya tayar da MMP9, inzayim da ke narkar da zaren da ke ɗaure sel a wuri guda domin su samu damar motsi. Da suka sauya amino asid ɗaya-ɗaya, sai suka ga biyu da ke kan murɗin nan, gulutamin na 59 da gulutamet na 66, su ne jigon aikin. Ba da siffar a hannu ba, da ba wanda zai san cewa waɗannan biyun, da ke da tazarar gurbi bakwai a jeri, suna fuskantar gefe guda ne, tun da murɗin alfa kan cika zagaye biyu a kusan wannan tazara. Wannan shi ne amfanin ilimin tsari a zahiri: ya rage wurin nema daga furotin gaba ɗaya zuwa tabo ɗan ƙarami. Binciken ya kuma fito da wani abin da ba a zata ba, domin Prod1 na aksolotil ba shi da turken GPI sam, sakinsa ake yi, amma yana tayar da MMP9 kamar na Notophthalmus.

Abokin hulɗa: nAG

A 2007 Anoop Kumar da Brockes da abokansu suka wallafa a mujallar Science cewa sun sami furotin da ke kama Prod1, suka sa masa suna nAG. Bayan yanka, yakan fara bayyana a ƙwayoyin Schwann da ke lulluɓe jijiya, daga baya a ƙullutan fatar rauni, kuma in an tsinke jijiyar duka biyun sukan ɓace. Da suka cusa ƙwayar gadonsa da lantarki a ƙafar da aka raba da jijiyarta, sai wasu daga cikin ƙafafun suka toho har da yatsu, ko da yake tsokarsu ba ta cika ba. Ke nan furotin guda ya maye gurbin jijiya a tambayar da Todd ya buɗe shekaru 184 kafin nan. Ta fuskar siffa nAG na cikin dangin tiyoredoksin, waɗanda aikinsu na asali shi ne ƙulla ɗaurin salfa da kwance shi a cikin sel. Yana da sistin guda a gurbin da danginsa ke aiki da shi, kuma Grassme da abokanta sun nuna a 2016 cewa in an sauya wannan sistin, furotin ɗin kan lalace, in ma an daidaita shi ya tsaya, ba ya ƙara sa ƙwayoyin bilastima su shiga rabuwa. Abin lura shi ne nAG ba maraya ba ne. Mutum na da ƴan uwansa na dangin AG, wato AGR2 da AGR3, na farkon yana taimaka wa hanji wajen sarrafa majina, yana kuma yawaita a sankarar mama da ta wasu gaɓoɓi, an kuma ba da rahoton cewa yana hulɗa da C4.4A, wanda shi ma ɗan gidan yatsu uku ne. Haɗin dangin AG da dangin yatsu uku ke nan tsoho ne, salamanda sabon ɗa kawai ta shigo da shi cikin tsohuwar yarjejeniya.

Suka uku da amsarsu

Suka ta farko ta fito ne daga masu binciken Prod1 ɗin da kansu. Garza-Garcia da Driscoll da Brockes sun yi hujja a 2010 cewa tun da furotin mai muhimmanci haka na salamanda ne kaɗai, to mai yiwuwa sake tohon ƙafa abu ne da ya samu a zuriyarta, ba gadon da sauran dabbobi suka zubar ba. Hujja ce mai nauyi, kuma binciken Kumar na 2015 ya ƙara mata ƙarfi ta wani gefen: da aka lalata ƙwayar gadon Prod1 a ƴaƴan salamanda, ƙasusuwan zira'i biyu da yatsun gaba ba su fito daidai ba, kuma an san salamanda ce kaɗai a dabbobi masu ƙafa huɗu na yau ke fara gina yatsa na ɗaya da na biyu kafin sauran. Sai dai shaidar da ta zo daga baya ta karkata wani wajen. Nadia Fröbisch da abokanta a Balin sun bayyana a 2014 alamun sake tohon ƙafa a ƙasusuwan Micromelerpeton, dabbar ruwa da tudu da ta rayu kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce, tun kafin salamanda ta bayyana. Ɗakin binciken Igor Schneider a Barazil ya nuna a 2016 cewa kifi mai huhu na Kudancin Amurka na mayar da fiffikensa da ƙwayoyin gado masu kama da na salamanda, a 2019 aka nuna haka a kifin Polypterus, a 2020 kuma aka bayyana tohon wutsiyar gaiwa, Protopterus annectens, wadda masuntan tafkin Cadi da kogin Kwara suka sani sarai. Waɗannan kifaye sun rabu da zuriyar salamanda tun kafin Prod1 ya samu. Abin da ya fi dacewa da shaidar duka shi ne, injin tohon tsoho ne, Prod1 kuwa sabon sashe ne da aka ɗaura masa, kuma inda ya sauke saƙonsa, wato EGFR da ERK da MMP9, duk suna nan a jikin mutum.

Suka ta biyu ta fi kaifi, domin tana tambayar ko Prod1 ya cancanci matsayin da aka ba shi tun farko. Bambancin yawansa tsakanin tushen gaɓa da ƙarshenta bai kai ninki biyu ba. Furotin da ake saki ya yi yawo, kamar na aksolotil, da wuya ya zama tambarin da kowane sel ke ɗauke da shi a fatarsa. Ga kuma wasu masu neman kujerar: ɗakin binciken Maximina Yun a Dresden ya gabatar da Tig1 a 2022 a matsayin furotin fatar sel da ke tsara matsayi daga tushe zuwa ƙarshe, ƙungiyar Elly Tanaka a Biyana kuma ta nuna a 2025 cewa Hand2 da Shh ne ke riƙe tunanin gaba da bayan gaɓa. Wannan suka gaskiya ce gwargwadonta, kuma maƙalar nan ta karɓe ta: Prod1 ɗaya ne daga cikin masu aiki, ba shugabansu ba. Amma a lura, bayanin da ya rage masa girma, wato cewa turke ba dole ba ne kuma aikin na kan murɗin alfa, daga nazarin tsari ya fito. Sukar ta rage darajar furotin guda, hanyar binciken kuwa ƙara mata daraja ta yi. Akwai ma gargaɗi a cikin lamarin MLP, furotin da Sugiura da abokansa suka nuna a 2016 cewa yana tayar da rabuwar sel a farkon toho: danginsa na MARCKS ba su da tsayayyar siffa, don haka ba kowane mai aiki a bilastima ne za a kama da hoto guda ba.

Suka ta uku ta zamani ce. Tun da manhajar AlphaFold2 ta yi fice a 2020, har Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta 2024 da David Baker, ana iya cewa wahalar NMR ta zama tarihi. Ga furotin irin Prod1, ƙarami mai ɗaurin salfa, hasashen kwamfuta zai ba da yatsu uku ba tare da wahala ba. To amma an riga an ga cewa yatsu ukun ba su ne amsar ba. Siffar da aka warware a 2009 ta Prod1 ce shi kaɗai, ba tare da nAG ko EGFR a jikinsa ba, kuma gulutamin na 59 ba kwamfuta ce ta nuna muhimmancinsa ba, sauya shi aka yi aka auna abin da ya biyo baya a sel mai rai. Abin da manhajar ta canza da gaske shi ne wanda ke iya shiga fagen. Kundin gadon aksolotil, mai harufa biliyan 32, kusan ninki goma na mutum, a buɗe yake tun 2018, haka ma rumbun siffofin furotin na duniya. Kwatanta saman furotin masu yatsu uku, wanda a da sai ɗakin bincike mai na'urar miliyoyi, yanzu kwamfuta da intanet sun isa a fara shi.

Abin da Abzin ke da shi

In injin tohon tsoho ne kuma kowace zuriya na ɗaura masa nata sassa, to hanyar gwada wannan ra'ayi ita ce kwatanta dabbobi masu toho da ƴan uwansu marasa toho, a duba furotin dangin AG da na yatsu uku da ke tashi a rauninsu. Ƙadangare da tsaka na mayar da wutsiya, amma bututun guringuntsi suke ginawa a madadin ƙashin baya, ƙafa kuwa ba sa mayarwa. Wanda ya fi su kusa da mutum shi ne kusu mai ƙaya na jinsin Acomys. Ashley Seifert da abokansa sun nuna a 2012, da nau'o'i biyu da suka kamo a Kenya, cewa wannan kusu na mayar da fata da gashinta ba tabo, yana kuma cike hujin milimita 4 a kunne da sabon guringuntsi ta hanyar dunƙulen sel mai kama da bilastima. Ba ya mayar da ƙafa, kuma bai kamata a yi masa ƙari ba. Sai dai dabba ce mai shayarwa wadda ba ta da Prod1, amma tana da AGR2 da EGFR da MMP9, ke nan ita ce daidai ma'aunin da tambayar ke buƙata. Thomas da Hinton sun bayyana Acomys airensis a 1921 daga dutsen Bagzan, cikin samfuran da Angus Buchanan ya tattaro a Abzin, kuma masana da dama a yau na haɗa shi da Acomys chudeaui na yammacin Sahara. Sanannun gwaje-gwajen toho an yi su ne a kan nau'o'in Kenya da kuma Acomys cahirinus da ake kiwo a ɗakunan bincike.

Jami'ar Agadez, wadda aka kafa a 2014, ba ta buƙatar na'urar NMR kafin ta sa hannu a wannan aiki. Auna saurin rufewar hujin kunne a kusun Bagzan da Timia, bisa ƙa'idar kula da dabbobin gwaji da izinin hukumar gandun Abzin da Tenere, da adana samfurin nama domin karanta ƙwayoyin gadon da suka tashi, aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya ɗauka tare da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Ya kamata sassan nazarin halittu na jami'o'in biyu su sa shi cikin batutuwan bincikensu, da sharaɗin cewa samfuran da bayanan da aka ciro daga gare su za su kasance da rajista a Nijar kafin a tura kwafinsu waje.